Sai-na-taɓa da Faifan Injin Yayansa

Duk layin masu gyara babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sai-na-taɓa ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne siriri mai gajeren haƙuri, wanda in ka kawo masa kwamfuta don madanni ɗaya ya maƙale, za ka dawo ka tarar ya gyara madannin, ya sauya maka hoton fuskar allo, ya cire manhajojin da ya ce shara ne, ya kuma tanadar maka huɗuba a kan yadda kake wulaƙanta kayanka. In ka yi ƙorafi ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Da ka san abin da kake yi ai da ba ka zo wurina ba." Abin haushin shi ne ya iya aikin. Da bai iya ba, da tuni layin ya huta da shi.

Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene. Tebur ɗaya, fanka mai kuka, kwalaye cike da gawarwakin kwamfutoci, sai gwangwanin madara da yake tara ƙananan kusoshi a ciki. Kujerar baƙo babu, da gangan, don ya ce mai kaya in ya zauna sai ya fara ba da shawara. Matarsa ta daɗe da ɓoye wayarta a cikin tukunyar da ba a girki da ita, tun ranar da ya gyara mata ita ta wayi gari ba ta san inda lambobin 'yan'uwanta suka shiga ba.

Sunan nan kuwa ba 'yan layi suka ƙirƙiro shi ba. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya laƙaba masa tun suna yara. Lokacin mahaifinsu yana kwance, ciwo ya hana shi fita ko ƙofar gida, ba shi da abokin hira sai wani rediyo mai rigar fata ruwan ƙasa. Rediyon yana ɗan shuu a ƙarƙashin magana. Kowa ya saba da shuu ɗin, ban da ƙaramin ɗan gidan. Wata rana uban yana barci, an bar Yaya da tsaron ɗaki, Yaya ya fita ɗebo ruwa, shi kuwa ya ɗauki tsinin wuƙa ya buɗe bayan rediyon ya murɗa duk abin da ke murɗuwa. Shuu ɗin ya tafi, maganar ma ta bi shi. Yaya ne ya sha dukan, tunda shi aka ba tsaro. Uban ya juya fuskarsa bango, kuma a cikin shirun rediyon ya ƙarasa 'yan watannin da suka rage masa.

Shekara arba'in da wani abu ke nan, amma a wurin Yaya jiya ne. Shi ma ba abin yabo ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Mai riƙo ne, irin wanda ke tuna ranar da ka taka masa takalmi da launin rigar da ka sa a ranar. Sana'arsa tabarau: ya auna maka ido, ya yanka gilashi, ya ɗaura a firam. Shagonsa na tsallaken babban titi, fes, komai a inda yake tun ranar da aka buɗe. A saman kanta, bisa jerin tabarau, ya kafa rediyon nan da rigarsa ta fata, yana goge shi kowace safiya. Duk kwastoman da ya tambaya, Yaya zai ce, "Aikin ƙanena ne na farko. In kana da kwamfutar da ka gaji da ita, ga shagonsa can a tsallake." Kuma kwastomomin suna tsallakowa su maimaita, suna dariya.

Don haka ba sa ga-maciji. Ko da idon Sai-na-taɓa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, ya gwammace ya sayi tabaran karatu a tiren masu talla a bakin titi da ya zauna a kujerar Yaya a leƙa masa ido. Tabaran suna sa shi ciwon kai, ɗaya hannun tabaran ma da wayar ƙarfe ya ɗaure shi. A shagonsa yake sa su, in zai fita ya cusa a aljihu. Abu ɗaya yake so a duniya wanda ya fi ƙarfin sukudirebarsa: a sauke rediyon nan daga kan kanta.

A 'yan shekarun nan ya samu sabon abin da ya ɗauke masa hankali. Faifan kwamfuta, wato inda take ajiye komai, jerin gurabe ne masu lamba, kamar gidaje a kan dogon titi. Tun da can kowane gurbi bait ɗari biyar da sha biyu yake ɗauka, bait kuwa shi ne mudun da ake auna bayanai da shi. Da faifan SSD ya zo, wanda ba ya juyi ba ya ƙara, sai aka samu wasu irinsa da za ka iya ba su umarni su haɗe gurabe takwas-takwas su zama ɗaya babba, mai bait dubu huɗu da casa'in da shida. Masu ƙera su kan fito da su a kan ƙaramin gurbi don kowace kwamfuta ta gane su. Sai-na-taɓa ya ce wannan tsoro ne da ragwanci. Duk sabon faifan da ya shigo shagonsa, in dai yana karɓar umarnin, kafin ya yar da kwalin ya mai da shi babban gurbi. Wani gargaɗi yakan fito a allo, ya danna amincewa ya wuce. Saurin da yake cewa ana samu babu kwastoman da ya taɓa lura da shi, amma babu wanda ya dawo da kuka, domin kwamfutocinsu na zamani ne, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da su ta san ƙaramin gurbi ta san babba. Mai fotokwafi da ke maƙwabtaka da shi ya sha wannan darasi har ya haddace, da ya ji an ambaci gurbi sai ya kunna injinsa don ƙarar ta cece shi.

Ana nan sai injin Yaya ya fara ciwo. Injin yanka gilashin tabarau ne, ƙato, wata tsohuwar kwamfuta ce ke ba shi umarni. A cikin faifanta ne manhajar injin take, da saitinsa, da siffar kowane firam da Yaya ya auna da hannunsa tun yana da baƙin gashi. Kamfanin da ya ƙera injin ya rufe tuntuni. Kwafi kuwa babu, don Yaya bai taɓa barin ɗan'adam ya kusanci kwamfutar ba, kamar yadda bai bar kowa ya matsar masa da kujera ba. Faifan, irin na da ne mai juyi, ya fara ƙas-ƙas-ƙas, yau ya tashi gobe ya ƙi. Yaya ya kira masu gyara daga nesa, duk suka saurari ƙarar suka ja da baya. Na ƙarshensu ya ce masa, "Wannan faifan numfashi ɗaya ya rage masa. A garin nan mutum ɗaya na sani da zai iya kwashe abin da ke ciki kafin ya cika, kuma ina jin ɗan'uwanka ne." Yaya ya sallame shi ba ko sannu.

Mahaifiyarsu ce ta raba gardamar. Inna ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta aika aka kira mata su biyun, suka zauna a ɗakinta kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa.

"Ku biyu na haifa," in ji ta, "kuma na gaji da jin labarinku a bakin masu wucewa. Kai, ba shi ya duba. Kai kuma Auta, ka karɓa ka rufe bakinka."

"Inna, gara in kai injin bola," in ji Yaya.

"To kai shi. Sai ka ciyar da iyalinka da rediyo."

Yaya ya hura hanci. Sai-na-taɓa ya ga ƙofa ta buɗe, ya sa ƙafa. "Ni ba na son ko sisinsa, Inna. In na tashi injin, ya sauke rediyon nan. Shi ke nan."

Yaya ya juyo ya dube shi, karo na farko tun shigowarsu. "In ka dawo mini da shi yadda yake. Ka ji? Yadda yake, ba yadda kake ganin ya kamata ya zama ba. Kada ka ƙara masa ko ɗigo, kada ka rage. In ka yi haka, da hannuna zan sauke shi in kawo wa Inna. Amma ba za ka iya ba. Hali zanen dutse ne."

"Za mu gani, Yaya."

"Kuma kwamfutar ba za ta bar shagona ba. Faifan kawai za ka cire, ina tsaye."

Haka aka yi. Da safe Sai-na-taɓa ya tsallaka, ya kwance faifan Yaya na tsaye a kansa yana ƙirga kusoshi da ido, ya naɗe shi a tsumma ya dawo lungunsa. Ya ja ƙofa rabi, ya kori wani mai laftof da ya zo da ƙorafi, ya sa tabaransa mai ɗaurin waya. Daga cikin aljihun tebur ya fito da wani faifan SSD mai ƙarfi, irin na manyan ma'aikatu, wanda ya daɗe yana ajiya don babban aiki, ko kwalinsa ba a ɓare ba. Ya jona shi, ya duba. A kan ƙaramin gurbi yake, kamar yadda ya fito daga masana'anta.

A nan ya tsaya, kuma gaskiya ya tsaya ɗin, ya tuna alkawari. Amma zuciya ba ta rasa hujja. Ai abin da Yaya ya ce kada a taɓa nasa ne, wannan kuwa faifaina ne, fanko, ban sa masa komai ba tukuna. Kuma injin zai ɗan ƙara sauri, Yaya ya yi ta jin daɗi har ya mutu bai san dalili ba. Wannan tunanin ne ya fi masa zaƙi, ya yi wa Yaya gyara a ɓoye Yaya ya yi ta amfana. Bai tambayi kansa ko shekarar babbar manhajar kwamfutar Yaya nawa ba, don bai taɓa samun dalilin yin irin wannan tambayar ba. Ya rubuta umarnin, gargaɗin ya fito, ya danna.

Abin da ya biyo baya aikin gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Ya juya fanka kan tsohon faifan don kada ya yi zafi. Ya riƙa kwashe abin da ke ciki kai tsaye zuwa sabon, a hankali, in ya zo wurin da ya lalace ya tsallake, daga baya ya dawo ya lallaɓa. Faifan na ƙas-ƙas, shi yana masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Bai ci abincin rana ba. Wajen la'asar kwafin ya kammala, babu abin da ya rage. Bai daɗe da sauke numfashi ba tsohon faifan ya yi wata ƙara mai tsawo ya yi shiru. Ya cire ya sake jonawa, ko motsi. Ya cika, amma bayan ya ba da duk abin da ke cikinsa.

Yadda ya tsallaka titin nan, da sabon faifan a hannu ɗaya da kwamfutarsa ta hannu a hammata, sai da mai fotokwafi ya leƙo ya bi shi da kallo. Tabaran dai ya cire ya sa a aljihu tun kafin ya kai tsakiyar titi. A shagon Yaya ya tarar Inna ta sa an kawo ta, tana zaune a kujerar kwastoma da sandarta a cinya. Akwai kuma wani direba da ya yi kwanaki yana zarya a kan tabaransa. Rediyon na can sama, yana ƙyalli.

"Tsohon ya mutu," in ji Sai-na-taɓa da ƙarfi don kowa ya ji, "amma sai da na kwashe komai. Da ka ƙara kwana ɗaya da taurin kai, da yanzu kana sayar da injin nan ga masu gwangwan."

"Ɗaura mu gani," in ji Yaya. "Baki ba ya yanka gilashi."

Ya ɗaura, ya kunna. Kwamfutar ta yi ƙaramar ƙararta, allo ya kawo haske, sannan ya koma baƙi da ɗan layin rubutu fari guda ɗaya. Ta tsaya nan. Ya kashe ya sake kunnawa, ta sake tsayawa a wurin.

Bai buƙaci karanta layin ba, cikinsa ya riga ya gaya masa. Babbar manhajar nan an yi ta tun kafin a san babban gurbi. Ita a saninta kowane gida ƙarami ne. An rubuta mata tun asali cewa kayanta suna farawa a gida mai lamba kaza, ga shi yanzu an haɗe gidajen takwas-takwas, lambar ta kai ta wata unguwa dabam. Ko da an gyara mata lambar, ba ta san yadda ake shiga irin wannan gidan ba. Amma kayan duk suna nan a cikin faifan, manhaja da saiti da siffofin firam, babu abin da ya ɓace.

Kuma akwai hanya, ya san ta. Ya koma shagonsa, ya zuba abin da ke cikin faifan a wani wuri, ya mai da shi ƙaramin gurbi, ya sake zubawa a ciki. Aikin yini guda ne, gobe injin na yanka gilashi. Abin da kawai hanyar ke buƙata shi ne ya ɗaga kai ya ce wa Yaya zai koma da faifan, Yaya ya tambayi dalili, shi kuma ya ce: na taɓa.

"Mene ne?" in ji Yaya, a hankali, da wani daɗi a muryarsa. "Ka yi masa wani abu ko?"

"Ban yi masa komai ba."

"Auta," in ji Inna, "in akwai magana ka faɗa."

"Ƙaramin saiti ne, Inna. Yanzu-yanzu."

Ya ciro faifan ya jona a kwamfutarsa ta hannu a kan teburin auna ido. Zai mai da shi ƙaramin gurbi a nan take, kafin Yaya ya gane me ya faru. Ya sha yin wannan sauyin, sau nawa ma, ƙiftawar ido ne. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, duk sauran lokutan a kan fankon faifai ya yi shi. Haruffan allon sun dishe masa, hannunsa ya kai bakin aljihu, ya ji waya mai ɗaure da hannun tabaran, ya tuna wanda ke tsaye a bayansa, ya janye hannun. Yatsunsa sun san umarnin ko da ido a rufe. Gargaɗin ya fito.

"Tsaya," in ji Yaya, wanda idonsa ke gani tar. "Wannan rubutun cewa yake..."

Sabo turken wawa. Yatsan ya riga ya sauka.

Bai ɗauki lokacin shan kurɓin ruwa ba. Faifan ya koma ƙaramin gurbi, kamar yadda Yaya da tsohuwar manhajarsa suke so. Sai-na-taɓa ya buɗe shi ya duba, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo. Wayam. Sabo ful, kamar yadda ya fito daga kwali da safe. Ya rufe ya sake buɗewa. Kunnuwansa suka ɗauki wani shuu da ya daɗe bai ji ba.

Direban ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Malam, yau ɗin ma babu ke nan?" Ya kaɗa kai ya fice.

Yaya bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya je kanta ya zaɓo tabaran karatu guda, ya goge su da ƙyalle, ya dawo ya ɗora su a hancin ƙanensa da hannu biyu, ya daidaita su a bayan kunne kamar yadda yake yi wa kowane kwastoma. Ko auna shi bai yi ba, amma suka zauna daidai. Rubutun allon ya fito ƙarara, irin fitowar da Sai-na-taɓa ya manta ana samu.

"Karanta," in ji Yaya. "Layin sama."

Gargaɗin yana nan bisa allo, bai gushe ba. Ya karanta shi har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa. Cewa yake, sauya girman gurbi zai shafe duk abin da ke cikin faifan, kuma ba a dawo da shi.

"Yaya," ya ce, "tsohon faifan, akwai masu buɗe shi a wasu wurare, wataƙila in aka aika..."

"Za ka sake taɓawa ke nan."

Inna ta dogara sandarta ta miƙe. Ba ta dubi ko ɗayansu ba. "Garin neman gira," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran wanda zai tsallakar da ita titi, kuma a cikin 'ya'yanta babu wanda ya motsa.

Yaya ya cire faifan daga jikin kwamfutar, ya juya shi a tafin hannu, ɗan abu mara nauyi. Ya jawo kujerar da Inna ta tashi a kai, wadda ba ta taɓa barin wurinta ba, ya kai ta gindin kanta ya hau. Sai-na-taɓa ya ɗaga kai, da sababbin tabaran a fuskarsa yana ganin komai, har ɗinkin rigar fatar. Yaya ya kama rediyon da hannu biyu ya ɗaga shi. Ya matsar da shi gefe kaɗan, ya share wurin da hannun riga, ya jingina faifan kusa da shi, ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa inda kwastoma zai gani.